Ƙofar da Jatau Ya Gajarta

Ranar Asabar Usta Tijjani ya zo da igiyar awo,
ya ƙwanƙwasa bangon zaure da bayan yatsa,
ya ce, "Hajiya, ƙasar nan ta gaji."
Ban tanka ba.
Na zuba masa gahawa daga jabana,
sai da ya kurɓa na tuna ban sa citta ba.

Kakana Jatau ne ya cuɗa lakar nan
da ƙafafun da suka tako daga Haɗeja.
Makka ya nufa, guzuri ya ƙare a Mai Wurno.
Ya ce bari ya tsinci auduga kaka ɗaya,
ya ta da ɗaki biyu da rumfa,
ya gajarta ƙofa, wai baƙo ba ya dogon gini.
Shekara casa'in ke nan muna sunkuyawa
kafin mu shiga masaukin baƙon.

Mukhtari ya aiko kuɗi daga Jidda,
da hoton wani gida mai tayil a waya.
"Ku sa jan bulo, Yaya, ku ɗaga ƙofar."
Gaskiyarsa.
Ni ce na jera kwanuka bara ƙarƙashin yoyo,
ni ce na ja angarib daga kusurwa zuwa kusurwa
har asuba ta same ni a tsaye.
To me ya sa da diga ta sauka
na dafe haƙarƙarina?

Bango ya soma tuɓe rigunansa.
Shuɗin fenti na shekarar aurena.
Ƙarƙashinsa farar ƙasa,
ta ranar da aka raɗa wa Mukhtari suna.
Ƙarƙashinta baƙin hayaƙin murhu,
sannan yaɓen fari,
da sawun tafin Goggo Tasalla,
yatsu huɗu, lauje ya ci na biyar.
Na ɗora nawa a kai, ya rufe shi ruf.
Ashe 'yar ƙaramar mace ce
ta goye mu duka.

Da suka sauke azara ta uku
wani ƙunshi ya faɗo, yaran suka ja da baya,
suna zaton maciji ne ko asiri.
Harami ne, ƙyalle biyu,
gara ta yi masa ado a gefe,
ninkin kasuwa bai taɓa warwarewa ba.
Ya saya tun kafin ya sayi ƙofa.
Bai gaya wa kowa ba, ko ya gaya wa Goggo
ita kuma ta tafi da maganar.

Na kai shi bakin kogi da yamma.
Rabi ya bi ruwa a wankin farko.
Abin da ya saura na shanya a reshen dalbejiya,
na kira Jidda.
Muka yi shiru, katin waya yana ƙarewa.
Can ya ce, "Aiko min.
Daga nan tafiyar awa ɗaya ce."

Na roƙi Usta ya bar min tafin Goggo.
Ya ce siminti ba ya jituwa da laka,
wata rana zai tsage a nan.
Na ce ya tsage.
Ya yi tsaki, ya kewaye shi da katako,
ya ƙi karɓar kuɗin ƙusa.

Yanzu ɗakin warin fenti yake yi.
Muryata tana dawo min daga bango
kamar ta wata baƙuwa.
An yi ruwa daren jiya, kwanuka na kife a madafa,
na kasa barci don rashin ɗigo.

Ƙofar ta yi tsawo, raƙumi ma ya shige.
Jikata Sakina ta ratsa ta a guje,
kanta a sama, ba ta san an taɓa yin wata ba.
Ni kuwa ɗazu, da tire a hannu,
na sunkuya.